Darasin Turanci: Kalmar "Roam" da Yawo Iri Iri

Kalmar da za mu duba a darasinmu na wannan wata gajeruwa ce, haruffa huɗu kaɗai gare ta, watau "roam". In ka tambayi ɗan makaranta ma'anarta zai ce maka yawo, kuma bai yi ƙarya ba. Amma yawo a bakin Bahaushe babban buhu ne, kome ana zubawa a ciki. Akwai yawon shan iska, da yawon sallah, da yawon talla, da yawon buɗe ido, da yawon duniya. Akwai kuma yawon banza da yawon dandi, waɗanda ba uban da ya ke so a ambaci ɗansa da su. Bature bai tara waɗannan duka cikin kalma ɗaya ba. Ya rarraba su, kowane da sunansa, "roam" kuwa ɗaya ce kawai daga cikinsu. Wanda ya ɗauke ta yana ɗora ta a kan kowane irin yawo, wata rana zai ɓata sunan mutumin kirki a takarda, shi kuwa bai yi nufin haka ba.

Mu fara da faɗarta. Haruffan nan biyu na tsakiya, "oa", muryarsu ɗaya ce da wadda ke cikin "goat", akuya, da "road", hanya. Ana jan "o" ɗin, a ƙarasa shi da leɓuna a tattare kamar za a ce "u". Kada ka ƙara mata wasali a ƙarshe yadda harshenmu ya saba yi, gama in ka yi haka sai ta koma romo, shi kuwa a tukunya a ke samunsa. Kada kuma ka haɗa ta da "room", ɗaki.

Akuya da rani, akuya da damina

Wanda ya zauna a ƙasar Daura, ko a Sandamu ne, ko Baure, ko Zango, ya san akuya tana da zama iri biyu a shekara. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, sai kowa ya ɗaure dabbarsa. Akuya ta koma turke, yara suna yiwo mata ciyawa, iyakar duniyarta tsawon igiyarta. Haka za ta zauna har kaka. Sa'ad da aka yanke gero, aka girbe dawa, aka gama roron wake da cirar gyaɗa, aka kai amfani rumbu, sai a saki dabbobi. Da safe su fita, su shiga wannan gona su ci kara, su ratsa waccan su tsinci abin da ya zube, da rana su fake gindin gawo, da yamma su komo gida da kansu. Ba wanda ya aike su wani wuri, ba kuwa mai korarsu.

To, wannan ita ce "roam". Bature zai ce, "In the dry season the goats roam the fields." Watau, da rani awaki suna watayawa cikin gonaki. A ganina watayawa ita ce kalmar Hausa da ta fi kusa da ita, ta fi yawo kusa nesa ba kusa ba, domin a cikin watayawa akwai faɗin wuri, akwai sakewa, kuma babu zargi. Waɗannan su ne kayan cikin "roam". Dole wurin ya zama mai faɗi. Ba a yin ta a cikin ɗaki ɗaya sai dai da wasa. Dole mai yin ta ya zama ba shi da wani wuri guda da ya sa gaba. Kuma dole ya zama ba igiya a wuyansa. Shi ya sa kullum za ka ji Turawa suna haɗa ta da "free" ko "freely", suna cewa "roam free".

Yanzu ka komo da akuyan nan watan Agusta. Ta tsinke igiya, ta faɗa gonar maƙwabci, ta cinye masa wake. Ƙafafunta su ne na dā, tafiyarta ma ita ce ta dā, amma kalmar ta sake. Yanzu Bature zai ce, "The goat strayed into the farm." "Stray" ita ce barin wurin da ya kamata ka tsaya, ko rabuwa da garke. A cikinta akwai laifi, ko akalla akwai hasara, kuma mai akuya shi zai biya ɓarna. Mai karatu ya riƙe awakin nan biyu a zuciyarsa, gama duk sauran darasin a kansu ya tsaya.

Sarrafa kalmar ba wuya. Aikatau ce mai bin ƙa'ida: "roam", "roams", "roamed", "roaming". Ana iya sa sunan wurin a bayanta kai tsaye, kamar "roam the bush", ana kuma iya sa "about", ko "around", ko "through", ko "over" a tsakani. Abin da ba a yi shi ne a bi ta da "to" da sunan garin da aka nufa. In ka tashi daga Daura ka hau mota za ka Kano, ba za ka ce "I roamed to Kano" ba, domin ka san inda za ka. Sai ka ce "went" ko "travelled". Ido ma yana yin "roam", in mutum ya tsaya a bakin kasuwa yana bin taro da kallo, bai tsai da idonsa kan kowa ba.

Kalmar tsohuwa ce, tana cikin rubutun Ingilishi tun wajen shekara ta 1300. Da ya ke faɗarta ɗaya ce da sunan birnin Roma a bakin Ingilishi na yanzu, mutane da yawa suna cewa daga masu tafiya ziyara Roma aka samo ta. Akwai abin da ya sa su faɗi haka, gama a harshen Italiya da na Sifen akwai kalmomin da a ke kiran mai ziyara da su waɗanda daga sunan Roma suka fito. Amma masanan asalin kalmomin Ingilishi ba su karɓi wannan bayani ba. Ma'anar ma ba ta goyi bayansa ba: mai zuwa Roma ya san inda za shi.

'Yan'uwanta

Wadda ta fi kusa da ita ita ce "wander", har a wurare da yawa ana iya musanya su. Bambancin shi ne "wander" takan ɗauki nauyin ɓatan kai, ko rashin wurin zama, ko gajiya. Yaron da ya yi makuwa a daji "wander" ya ke yi. Hankali ma in ya rabu da karatu ya tafi wani wuri, "wander" a ke ce masa.

Tarihin Daura yana da misali mai kyau. A wajen shekara ta 1805, zamanin jihadi, Malam Ishaku ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da mutanensa. Gidan sarautar nan ya yi shekaru yana ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan kafin wani reshe ya kafu a Zango a wajen 1825, wani kuma a Baure. Sai a 1906 Turawa suka komo da Malam Musa daga Zango zuwa birnin Daura. Ɗalibin da zai rubuta labarin shekarun nan na ƙaura da Ingilishi, in ya sa "roamed", ya mai da mutanen nan masu shan iska. Ba su fita don sun so ba, ba su kuwa sake ba. "Wandered" ita ce ta dace da su.

Haka kuma labarin Bayajidda da muka gada. An ce ya taso daga Bagadaza ya sauka Barno, ya gudu daga can, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ya je rijiyar Kusugu ya kashe macijiyar da ke hana ɗiba sai ranar Jumma'a. Yaron da ya rubuta "Bayajidda roamed to Daura" ya yi kuskure biyu cikin kalmomi huɗu. Ya sa "to" inda ba ta shiga, ya kuma kira mai gudun tsira da ransa mai watayawa. Daga Barno "fled" ya yi, watau gudu.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. "Stroll" ita ce tafiyar shan iska da yamma, a hankali, ba nisa. "Ramble" ita ce doguwar tafiya a ƙasa cikin karkara don jin daɗi, amma in aka ɗora ta a kan mai magana, to, ana nufin yana ta zuba ba kai ba gindi; kowa ya taɓa zama a taron da irin wannan mutum ya tashi tsaye. "Loiter" kuwa ita ce raɓe-raɓe a wuri ɗaya ba dalili, kuma ita ce mai warin zargi.

A Ingila kalmar nan tamu har ta zama sunan wani hakki. Yawancin duwatsu da filayen ƙasar na masu dukiya ne, an kewaye su, a dā talaka ba shi da ikon taka su. A watan Afrilu na 1932 ɗaruruwan ma'aikata, galibinsu daga birnin Manchesta, suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout da gangan ba da izini ba, aka kama waɗansu, aka ɗaure mutum biyar. Sai a shekara ta 2000 majalisa ta yi dokar da ta ba kowa ikon tafiya a ƙasa a kan tuddai da filayen da ba a nomawa. Suna kiran wannan "right to roam". Ko da haka ikon bai wuce wajen kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba, kuma bai shafi gona mai shuka ko lambun gidan mutum ba. Ka ga ke nan abin da akuyar Sandamu ke samu kyauta kowane rani, Bature sai da ya yi shekara 68 yana nema. Ka ga kuma a ƙasar da kalmar ta fito abin so ce, ba abin kunya ba.

Inda kalmar ke cutar mutane

A Turancin da a ke yi a Nijeriya kalmar ta ɗauki wani launi da ba nata ba. Malamin makaranta ya ce wa yaro, "Why are you roaming about?" Uba ya faɗa wa ɗansa haka. A nan abin da su ke nufi shi ne gantali, ko gararamba, ko ragaita. Da jin haka tun muna yara sai muka ɗauka kalmar zagi ce. Daga nan kuma muka shiga ɗora ta a kan duk wanda muka gani a hanya ba mu san shi ba.

Dubi makiyayi. Jaridun Turanci suna yawan cewa Fulani suna "roam" da shanunsu. Saniya ɗaya ɗaya a fili tana iya yin haka, amma mai shanun ba ya yi. Ya san ranar da zai tashi, ya san burtalin da zai bi, ya san mashayar da ke da ruwa a wane wata, kafin ya ɗaga ruga ma sai an je an dubo masa ciyawa. Da damina garkuna suna yin arewa su ba gonaki wuri, da rani su gangaro kudu bin ruwa da kara. Ƙasar Daura a bakin iyakar Nijar ta ke, don haka tana ganin wucewarsu sau biyu a shekara. Hukuma ma ta san tafiyar nan mai tsari ce. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1998 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta tsara takardar shaida ga mai ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ke nuna yawansu, da allurar rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za su bi, ko da ya ke Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Ba a rubuta wa mai watayawa hanya a takarda. Kalmar da ta dace ita ce "move" ko "migrate". In kuwa shanu sun bar burtali sun faɗa gonar mutum, ka faɗi haka ɓaro-ɓaro da "strayed", ko ka ce sun yi ɓarna. Manomin da ya kai ƙara yana cewa shanu suna "roaming", ya raunana ƙararsa da kansa, gama bai faɗi laifin da aka yi masa ba.

Dubi kuma ɗan ci-rani. Ya gama aikin gona a ƙauyen Baure, ya ɗauki 'yar jakarsa ya tafi Kano ko Legas, yana ga-ruwa, ko gyaran takalmi, ko yankan farce. Yini ya ke yi yana zaga unguwanni, amma neman abinci ya ke, kuma da hadari ya fara haɗuwa zai komo gonarsa. In wani ya rubuta wa hukuma cewa ya ga baƙi suna "roaming about" a unguwa, a kunnen mai karɓar takardar ya riga ya ce masu laifi ne.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an daɗe ana kama mutane a kan yawo kawai. Ingila ta yi wata doka a 1824 ta hukunta marasa wurin kwana da masu bara, irinta kuma ta bi Turawa zuwa ƙasashen da suka mulka. Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya zo da sashe a kan masu zaman banza da marasa sana'a. Amma ya kamata kowane mai karatu ya sani, a 1989 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta yi dokar ƙananan laifuffuka wadda ta soke laifin da a ke kira "wandering", ta hana a tuhumi mutum da shi. A watan Disamba na 2020 kuma kotun hakkin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha, a ƙasar Tanzaniya, ta ba da ra'ayi cewa dokokin da ke hukunta mutum saboda talauci ko rashin wurin zama sun saɓa wa yarjejeniyar hakkin ɗan Adam ta Afirka. Duk da haka har yanzu akan ji an tsare saurayi da dare, in aka tambayi laifinsa a ce yawo. Wanda ya san shekarar dokar nan yana da abin faɗa in an kama ɗansa.

Saboda haka in aka kira ka shaida, ko kana rubuta wa wani takarda da Ingilishi zuwa ga hakimi ko 'yan sanda, faɗi abin da idonka ya gani. Ka gan shi yana tafiya a hanya? "He was walking along the road." Ka gan shi yana talla? "He was selling." Kada ka sa "roaming about" sai in gantali ka ke nufi, ka kuma shirya tsayawa a kansa.

Kalmar a cikin aljihunka

Akwai wani wuri kuma da kalmar ke jiran mutanen ƙasar Daura, ko sun yi makaranta ko ba su yi ba. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, duk wanda ya bi hanyar Kongolam za shi Matamaye ko Damagaram, ko ya fita ta Babban Mutum za shi Magarya, ya taɓa ganin "roaming" a fuskar wayarsa, ko harafin R ƙarami kusa da alamar sabis. Ma'anarsa layinka ya bar gidansa yana aiki a hannun kamfanin wata ƙasa. Kamfanin can shi ke ɗaukar kiranka, ya aika wa naka da lissafi, naka kuma ya cire daga kuɗinka, galibi da tsada fiye da na gida. Sau da yawa har kiran da wani ya yi maka sai ka biya in ka amsa. Masu ƙera waya sun zaɓi kalmar daidai, gama layin an sake shi ne ya shiga gonar da ba tasa ba da izini. Sai dai wannan watayawa ba kyauta ba ce. Ƙasashen Tarayyar Turai sun soke ƙarin kuɗin nan a tsakaninsu a watan Yuni na 2017.

Abin lura ga mazauna bakin iyaka shi ne, waya ba ta san inda aka kafa dutsen iyaka ba. In sabis ɗin gida ya yi rauni, ƙarfen sabis da ya fi ƙarfi shi ta ke bi. Mutum yana iya zama a ƙauyen Mai'adua, ƙafarsa ba ta bar Nijeriya ba, wayarsa kuwa ta riga ta ƙetare. Maganinsa shi ne ka shiga wurin gyaran waya, ka kashe abin da aka rubuta "data roaming", ka kuma zaɓi kamfaninka da hannu maimakon ka bar waya ta zaɓa da kanta. In ba ka iya ba, ba wani yaro a gidan ya yi maka.

Aikin wannan wata

Juya waɗannan zuwa Ingilishi, ka zaɓi kalmar da ta dace da kowace. Ka lura, biyu ne kaɗai daga cikinsu ke karɓar "roam". Zabi suna watayawa a bayan gari. Tunkiya ta rabu da garke ta shiga lambu. Mun tafi kasuwar Mai'adua ran Lahadi. Tsoho ya yi makuwa, ya kwana yana yawo a daji. Bayan girbi jakuna suna yawonsu ko'ina cikin gonaki. Ƙanena ya tafi ci-rani Kano, zai komo kafin shuka.